Masarar Barewa a Bakin Alade

Da ƙarfe biyar na yamma daidai duron ya yi ƙara. Yana tsaye a kan ƙafafun ƙarfe uku, ya ɗara tsayin mutum, a tsakiyar wani fili da ciyawarsa ta bushe. Wani ɗan inji a gindinsa ya juya faifan ƙarfe, masara ta tarwatse ta kowane ɓangare kamar an watsa wa kaji tsaba. Kafin in ƙirga bakwai ya yi tsit. Masarar tana nan kwance a ƙasa, ruwan ɗorawa, hasken la'asar yana dukanta.

"Kawu, yanzu sai ka zuba ido," in ji ɗan ƙanwata ƙasa-ƙasa.

Mu uku ne a cikin wata 'yar bukkar katako da aka ɗora a kan dogayen ƙafafu, kamar taku ɗari daga duron: ni, da shi, da dattijon da ke da filin. Bukkar ta tuna min da rumfar da muke hawa muna yara a ƙauyen kakana, muna kaɗa gwangwani don korar birai daga gona. A can mu ake so dabba ta ji ta gudu. A nan ko tari an hana ni.

Ziyara ce ta kai ni Houston a watan Oktoba, wurin yaron nan da ke aiki a can. Abokin aikinsa ɗan wannan dattijo ne, shi ya gayyace mu mu yi kwana uku a filinsu da ke kusa da garin Llano, wanda mutanen wurin ke kira Lano. Tafiyar awa huɗu ce da 'yan kai a mota. Daga Houston ƙasa shimfiɗe take, ga gumi. Da ka wuce Austin sai ta fara tashi, duwatsu masu ja-ja su fito daga cikin kurmi, har na ce da yaron in ba don itatuwan ba da na rantse hanyar Bauchi muke. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne gidajen mai. Kusan kowanne an jibge buhunan masara a bakin ƙofarsa, da hoton barewa a jikin buhun. Kowane buhu kilo 23 ne ko ƙasa da haka, kwatan buhunmu na gida ke nan. Masu a-kori-kura suna tsayawa su sha mai, su loda goma ko ashirin, su wuce.

Dalilin wannan masara yana cikin yadda ƙasar take. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jihar Teksas mallakar mutane ne, dajin Allah da maharbi zai shiga ya yi yawo kaɗan ne. Galibi mai son farauta sai ya kama hayar fili a wurin mai shi, shekara-shekara, kuma doka ta yarda a jawo barewa da abinci a filin da yake na mutum. To wanda ya biya kuɗi, kuma hutun kwana biyu kawai gare shi, ba ya son ya zauna bai ga komai ba. Shi ya sa tun wata biyu kafin a buɗe farauta a farkon Nuwamba ake cika duro, a saita agogonsa safe da yamma, har bareyi su san lokaci. Irin barewar da suke nema mai farar wutsiya ce, akwai kusan miliyan 5 a jihar, kuma Llano tana kiran kanta babban birninta. Masana harkar dabbobin daji na jihar sun ƙiyasta cewa masarar da ake zubarwa haka a shekara ta kai fam miliyan 300. Na buga lissafi a wayata: buhu mai kilo 100 sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Zuciyata ta tafi kasuwar Dawanau, na yi ta ƙoƙarin hango tirela nawa ke nan, na kasa.

Rana ta kusa faɗuwa bareyi uku suka fito daga cikin kurmi, duk mata, ɗaya da ɗanta na bana. Suna tafe suna tsayawa, kunnuwa suna juyawa. Suka fara tsintar masarar ɗaya-ɗaya, cikin natsuwa, gwanin ban sha'awa. Ba su yi minti biyar ba babbar ta ɗaga kai, ta buga ƙafa a ƙasa, ta hura hanci. Wutsiyoyi suka tashi fari fat, wuf suka ɓace.

Warinsu na fara ji, sannan gurnani. Aladu ne, a guje suka shigo, babu tsayawa babu dube-dube. Na ƙirga manya biyar, ƙanana kuwa na ƙirga sha ɗaya na rikice, don ba sa tsayawa wuri guda. Baƙaƙe ne akasari, gashinsu a tsaye a gadon baya, ɗaya tana da dabbare-dabbare irin na aladen gida, wasu jariran kuma suna da zane a tsaye daga wuya zuwa gindi kamar na kurege. Masarar da za ta ishi bareyi har dare, cikin minti goma babu ko ƙwaya. Daga nan wata babba ta je ta sa kafaɗa a ƙafar duron ta yi ta bangaza, duk bangaza sai 'yan ƙwayoyi su zubo, 'ya'yan su rufa a kai.

Bindiga tana jingine a gefen dattijon. Bai ko kalle ta ba. Da muka sauko cikin duhu na tambaye shi dalili.

"In na harbi ɗaya yau, na koya wa ashirin hankali," ya ce. "Gobe ba za su zo da rana ba, jibi ba za su zo nan ba sam. Duka nake so."

Bayan na yi sallar magariba a barandar gidan, aka kawo gasasshen kifi, don tun kafin mu zo yaron ya gaya musu abin da nake ci da wanda ba na ci. A kan abincin dattijon ya ba ni tarihin abokan gabarsa. Nahiyar ba ta san alade ba sai da Turawa suka zo da shi. Hernando de Soto, ɗan Sifaniya, ya sauka a Fulorida da garkensa a 1539, wasu suka tsere. Manoman da suka biyo baya sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna sakin aladunsu su yi kiwo a daji, sai lokacin yanka a je a kamo. Ya ce kakansa ma haka ya yi, yana tsaga musu kunne don shaida. A wajajen shekarun 1930 kuma masu kuɗi suka shigo da aladen dawa na Turai, wanda suke kira na Rasha, don marmarin farauta. Shinge bai riƙe shi ba, jini ya haɗu. Zanen da na gani a jikin jariran nan gadon wancan ne.

Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙiyasta cewa sun haura miliyan 6 a jihohi aƙalla 35, ɓarnarsu kuma ta wuce dala biliyan ɗaya da rabi a shekara. Teksas kaɗai tana da kimanin miliyan 2.6, kuma a cikin gundumominta 254 ɗaya ce tak, El Paso, ba a same su ba. Sirrin yana wurin uwa. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata shida zuwa takwas. Cikin wata uku ne da mako uku da kwana uku. Ta haifi biyar ko shida, wani sa'in fiye, kuma in abinci ya wadata ta sake haihuwa kafin shekara ta zagayo. Saboda haka sai an kashe kusan biyu cikin kowane uku duk shekara kafin yawansu ya tsaya inda yake, ba ma a zo maganar raguwa ba.

"In abinci ya wadata" ɗin nan shi ya hana ni barci da wuri. Na taɓa zama a sansanin Wikki a Yankari ina kallon gadu yana durƙuso a kan gwiwoyinsa yana cin ciyawa a tsakanin ɗakunan baƙi. Manoman bakin daji sun san ɓarnarsa, ba a banza ake ce masa mugun dawa ba. Amma gadu ɗan ƙasa ne. Sau ɗaya yake haihuwa a shekara, rani yana rage shi, zaki da kura suna rage shi. Alade a Teksas kusan ba shi da mai cin babbansa in ba mutum ba, ga shi kuma a lokacin da daji ya ƙi, mutum ɗin ne ke ɗaura agogo yana ba shi masara sau biyu a rana.

Da safe dattijon ya zagaya da ni a a-kori-kura. Ya tsaya a wani fili da yake noman ciyawar shanu. Wajen eka biyu an birkice ta kaca-kaca, ramuka har gwiwa, saiwoyi a sama, kamar an sa garma an yi huɗa cikin maye. Aikin dare ɗaya ne, da hanci, suna neman tsutsa da saiwa. Ya ce asarar ciyawar ba ta kai ta injin yanka ba, wanda ke faɗawa ramukan ya karye. A bakin rafi sun mayar da mashayar shanu taɓo. Suna cin ƙwan talotalon daji da na wasu tsuntsaye masu kama da makwarwa, suna cin jariran awaki da na bareyi in sun samu. Ba kasafai suke taɓa mutum ba, amma a watan Nuwamba na 2019, a garin Anahuac da ke gabas da Houston, garke ya kashe wata mata da asuba a ƙofar gidan da take aiki. Allah ya kiyaye.

Daga nan ya kai ni wani duron, a nan ne na daɗe. Wannan an kewaye shi. Fallayen ragar ƙarfe ne masu kauri, kowanne tsawon ƙafa 16, tsayi inci 34, bai kai ƙuguna ba. Idanun ragar ƙanana ne a ƙasa don kada jarirai su kurɗa, suna faɗaɗa zuwa sama. An ɗaure su a turakun ƙarfe da aka buga sosai, an matse su da ƙasa, don alade ta ƙasa yake fara nema, da hanci yake ɗagawa. A wajen shingen ƙasa ta zama gari saboda sawun kofato, sun yi ta zagayawa. A ciki ciyawa na nan lafiya lau, da sawun bareyi siri-siri. Masu bincike na jami'ar Texas A&M da na ma'aikatar noma sun gwada wannan a kudancin jihar, suka wallafa a 2010: sun kafa shinge mai inci 20, mai 28, da mai 34. Na inci 20 bai tare manyan aladu duka ba. Sauran biyun sun tare su, babbar barewa kuwa tsallakawa take kamar babu komai a gabanta.

Alade ba shi kaɗai ke son masarar ba. Dattijon ya buɗe wayarsa ya nuna min hotunan da kyamarar da ke ɗaure a jikin itace ta ɗauka cikin dare. Ga wata dabba da suke kira rakun, girmanta kamar ƙaton muzuru, wutsiya zobe-zobe, idanu kamar ta sha kwalli. Ta hau ƙafar duro, ta rataye da ƙafafun baya, ta miƙa hannu tana juya faifan da yatsunta, 'yan'uwanta biyar a ƙasa suna kwasa. Ya ce a dare ɗaya sukan zubar da abin da aka tsara wa mako guda, kuma abin da suka zubar shi ke kiran aladu. Don haka ya sa wa injin keji na waya, mai faɗin da hannun rakun ba zai kai faifan ba. Ya zura wa kowace ƙafa bututun roba da ke juyawa in an taka. Wayar da ta taso daga farantin sola zuwa batir ya saka ta cikin bututun ƙarfe saboda haƙoran kurege. Ƙafafun kuma ya kafe su da turaku, don saniya ko toron alade kan iya kifar da duro mai ɗauke da masara kilo 150. Ina shafa bututun robar nan sai na ga rumbun kakana, a ɗore a kan duwatsu saboda gara da ɓera, an yaɓe bakinsa da laka. Duk wanda ya taɓa ajiye hatsi ya san wannan faɗan.

Na ce masa, "To me zai hana a bar zuba masarar gaba ɗaya?"

Ya yi shiru yana kallon filin. Ya ce kuɗin hayar mafarauta ya fi abin da shanu ke kawo masa a shekarar fari, da shi yake riƙe ƙasar da ya gada. In ya daina, bareyi za su koma duron maƙwabci, mafarauta su bi su. Na gane, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai zuba masara ba shinge. Kuɗin fallaye shida ko takwas da turaku bai kai na bindiga ɗaya mai madubin dare ba, aikin yini guda ne, kuma yana shekaru. Wanda ya ƙi yin wannan kiwon alade yake yi, a gonar maƙwabcinsa za a je a ci.

Dare na biyu ɗan dattijon ya fita da mu wani fili can nesa da inda uban ke haƙon garkensa. Alade bai da gani sosai, amma hancinsa ba ya kuskure, don haka muka bi ta inda iska ke bugo mana fuska. Ya miƙo min madubin da ke ganin zafin jiki. Duhun da ban ga tafin hannuna a cikinsa ba sai ga shi ya buɗe: itatuwa toka-toka, zomo fari tas, can gefe wani koyoti, ɗan'uwan dila, yana sanɗa. Shi ma suna harbinsa saboda 'yan tumaki da awaki. A tsakiyar filin ga fararen siffofi wajen goma sha biyu, kawuna a ƙasa. Muka matsa har ina jin ƙarar haƙoransu. Ya harba sau huɗu. Biyu suka faɗi, sauran suka watse kamar an fasa tulu.

Doka ta sakar wa maharbin alade mara a jihar. Babu lokacin buɗewa ko rufewa, babu iyakar adadi, dare da rana duk ɗaya. A 2011 aka yarda mutum ya biya kuɗi ya hau jirgi mai saukar ungulu ya yi harbi daga sama. Daga 2019 ko lasisin farauta ba a nema in mai fili ya yarda. Wasu da karnuka suke bi, a sa wa masu kamun rigar kariya saboda haure. Duk da haka alade bai ragu ba, kuma akwai dalili mai ɗaci. Da farautarsa ta zama sana'a, sai wasu suka riƙa loda shi a mota cikin dare suna sakewa a inda babu, don su ma su samu abin harbi. A 1982 jihohin da ke da shi ba su kai 20 ba, kuma ba da ƙafarsa ya tsallaka duk wannan nisa ba. Shi ya sa jihar Kansas ta haramta farautarsa don nishaɗi, Missouri ma ta hana a filayen hukumarta ta kare daji a 2016, aka bar wa ma'aikata su kama da tarko. Na ga hikimar wannan. Abin da ake samun kuɗi da shi, da wuya a so ya ƙare.

Na tsaya daga baya da aka haska gawarwakin. Ɗan dattijon ya sa safar hannu kafin ya taɓa, saboda jininsu na ɗauke da cutar da ke sa shanu ɓari, kuma tana kama mutum. Ƙaramar ya ɗauka don wani maƙwabci da ke ci. Toron, wanda ya ce zai kai kilo 100, ya ja shi da igiya zuwa bakin kurmi ya bar wa ungulu. Ban ji daɗin ganin haka ba. Maharban da na sani a gida don tukunya suke fita, ba sa ɗaukar rai su juya baya. Amma na riga na ga filin ciyawar nan da safe, na kuma san abin da manomi ke ji in ya iske gonarsa a kwance. Na yi shiru har muka koma gida.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci na dare na ji motsi a falo. Dattijon ne zaune da waya a hannu, gilashi a kan hanci. Kwana goma sha biyu yana wannan haƙo. Ya fara da zuba masarar da aka jiƙa ta yi tsami a kusa da duron da ba shinge, sannan ya kafa da'irar ragar ƙarfe mai tsayin ƙafa 5 kaɗan-kaɗan, ya bar ƙofa a ɗage, har garken ya saba shiga da fita. Da'ira ake yi don in akwai kusurwa sukan taru a nan su hau bayan juna su tsallake. Kyamara tana turo masa hoto kai tsaye. Ya nuna min: duk suna ciki sai uwa ɗaya, mai dabbare-dabbaren nan, tana tsaye a bakin ƙofa tana shinshina. Muka zauna muna kallonta wajen minti ashirin, ba mai magana. Ta sa ƙafa ɗaya, ta janye. Ta zagaya ta dawo. Da ta shige har wutsiya ya danna wayar, ƙofar ta faɗo.

Goma sha tara ne. Da gari ya waye wani mutum ya zo da tirela ya kwashe su da rai zuwa wurin saye da hukumar lafiyar dabbobi ta jihar ta amince da shi. Daga irin waɗannan wurare ake kai su mayanka, wani naman har Turai. Ƙarar jikinsu a jikin ragar tana nan a kunnena.

Dattijon bai huta ba. Tirelar na ficewa ya ce mu lodo fallayen da ya ajiye a bayan gida, yau duron nan ma za a kewaye shi tunda ya gama aikin jawo su. Ni na riƙe turaku, ɗan ƙanwata yana bugawa, shi yana ɗaurewa da waya. Da muka zo falle na ƙarshe, wanda ke fuskantar kurmi, ya ɗauko almakashin ƙarfe ya rage samansa, faɗin kamar taku biyu, ya dawo da shi inci 28. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce na ƙananan ne.

Da yamma, kafin mu kama hanyar Houston, na roƙa a bar ni in sake hawa bukkar. Ƙarfe biyar duron ya yi ƙararsa. Bareyin nan uku suka fito, suka tsaya suna kallon sabon abu a filinsu, sun fi minti goma. Babbar ta matso, ta shinshina, ta tsallaka. Ta biyu ta bi ta, sannan uwar. Ɗan ya rage a waje, yana bin shingen da gudu yana komowa, uwar tana ɗaga kai tana dubansa. A zagaye na uku ya iso inda aka rage, ya tsaya, ya ja da baya kaɗan.

"Kawu, duba," in ji yaron, ya riƙe min hannu.

Ya tsallaka, ƙafar bayansa ta ɗan taɓa wayar ta yi ƙara, ya sauka a gefen uwarsa ya sa baki a ƙasa.